GYARA KAYANKA BA YA ZAMA SAUKE MU RABA

A zamanin nan 'ya'yanmu da yawa suna shiga makarantun zayyana. Waɗansu suna koyon zayyanar gidaje da kasuwanni, waɗansu ta tufafi da atamfa, waɗansu ta littattafai da allunan hanya, waɗansu kuwa ta abin da mu ke gani a fuskar waya da kwamfuta. A makarantun nan akwai wata al'ada wadda ta kan ba sabon shiga tsoro. In ɗalibi ya gama aikinsa, ba malam kaɗai ya ke kai wa ba. Sai ya manna shi a bango, 'yan ajinsu su taru, kowa ya faɗi abin da ya gani, mai kyau da marar kyau, shi kuwa mai aikin yana tsaye yana ji.

To, a nan wata tambaya ta ke tasowa, ba kuwa ta masu zayyana kaɗai ba ce. Ga abokinka, ɗakinku ɗaya, akushinku ɗaya. Ya yi mako uku yana fama da zanen wani asibiti, ya kawo shi yana murna. Kai kuwa da ka duba sai ka ga ƙofar da za a shigo da marasa lafiya ta yi ƙanƙanta, gadon ɗaukar majinyaci ba zai wuce ba. Za ka faɗa, ko za ka yi shiru? In ka faɗa, ka ɓata masa rai a gaban jama'a, watakila zumuncinku ya yi sanyi. In ka yi shiru, ka bar shi cikin kuskure alhali kana gani. Tun muna yara aka koya mana kara da kunya, aka kuma koya mana gaskiya. Ran da su biyun suka yi karo, wace za mu bi? Shi kuma wanda aka gaya wa aibin aikinsa, ƙaƙa ya kamata ya karɓa? Abin da mu ke so mu duba ke nan tare da ku, masu karatu.

INDA AL'ADAR TA FITO

Bari mu fara da sanin asalin abin. A birnin Paris na Faransa akwai wata tsohuwar makarantar zane da gini wadda a ke kira Beaux-Arts. A ƙarni na 19 masu koyon zayyanar gini a can su kan kasu ɗaki ɗaki, kowane ɗaki da maigidansa, watau wani gwanin magini wanda ya kan zo jefi-jefi ya duba aiki. Sauran kwanaki kuwa ɗalibai ne su ke koya wa juna. Tsofaffin ɗalibai su duba aikin sababbi su gyara musu, sababbi kuma su taya tsofaffi shafa launi da jan layi sa'ad da ranar miƙa aiki ta matso. Amma hukunci na ƙarshe a ɓoye a ke yinsa. Alƙalai su rufe ƙofa, su duba zane, su ba da maki, mai aikin ba ya wurin. Wannan tsari ya daɗe, sai a shekara ta 1968 aka raba koyar da gini da makarantar.

A Jamus kuwa, a shekara ta 1919, Walter Gropius ya buɗe makarantar Bauhaus a garin Weimar. Ta koma Dessau a 1925, ta koma Berlin a 1932, aka rufe ta a 1933 saboda matsin gwamnatin Hitler. Shekara 14 kaɗai ta yi, amma hanyarta ta game duniya. Ɗaya daga cikin malamanta, Josef Albers, ya kan ba sababbin ɗalibai takarda tsura, ya ce su yi wani abu da ita su ga iyakar abin da takarda ta ke iyawa. In sun gama, sai a baje ayyukan duka a wuri ɗaya, a gwada wannan da wancan, a yi magana a kansu a fili. Da malaman Bauhaus suka watsu, Albers ya tafi Amurka a 1933, Gropius ya kama koyarwa a Jami'ar Harvard a 1937, irin koyarwan nan ta bi su.

Mu ma nan ba a bar mu a baya ba. A Zariya, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, waɗansu ɗaliban zane suka kafa ƙungiya tasu a 1958. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Malamansu yawanci Turawa ne masu koyar da zane irin na Ingila. Su kuwa samarin suka riƙa haɗuwa suna shawara a kan yadda za su haɗa abin da su ke koyo da fasahar iyayensu. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma mutanenta suka zama manyan masu zane na Nijeriya. Ashe abin da ɗalibi ya ke samu wurin ɗan'uwansa ɗalibi ba ƙaramin abu ba ne.

MUTUM NA UKU

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Yawancinmu mu kan ɗauka maganar tsakanin mutum biyu ce, mai aiki da mai dubawa. In haka ne, lalle shiru ya fi sauƙi, gama mene ne ribar ɓata wa aboki rai? Amma akwai mutum na uku wanda ba ya cikin ɗakin. Shi ne wanda zai zauna a kujerar, ya hau matakalar, ya karanta takardar magani da dare yaronsa yana zazzaɓi. Zayyana ba kamar waƙar da mutum ya ke rera wa kansa a gona ba ce. Aba ce da a ke yi domin waɗansu su yi amfani da ita, su ne kuwa za su sha wahalar kuskuren da aka yi shiru a kansa.

Ga misali wanda duniya ta shaida. A zaɓen shugaban Amurka na shekara ta 2000, a gundumar Palm Beach ta jihar Florida, aka tsara takardar ƙuri'a da kyakkyawar niyya. Tsofaffi suna da yawa a gundumar, aka so a ƙara girman rubutu domin su gani sosai. Saboda haka aka raba sunayen 'yan takara a shafi biyu, hagu da dama, ramukan da a ke hudawa kuwa suka jeru a tsakiya. Sunan Al Gore shi ne na biyu a hagu, amma raminsa shi ne na uku, rami na biyu na wani ɗan takara ne dabam wanda sunansa ke dama. Masu bincike daga baya sun kimanta mutum fiye da 2,000 suka huda ramin da ba su nufa ba. Ratar da ta raba George Bush da Al Gore a Florida duka ƙuri'a 537 ce, ita ce kuwa ta yanke wanda zai zama shugaba. Idanu da yawa sun ga samfurin takardar kafin ranar zaɓe, amma ba a gyara ta ba.

Me ya sa mai aiki ba ya ganin irin wannan da kansa? Ba wauta ba ce. Dalili shi ne ya riga ya san abin da ya ke nufi. In ya dubi zanensa, abin da ke cikin kansa ya ke gani, ba abin da ke kan takarda ba. Kibiyar da ya zana, shi ya san inda ta dosa, don haka ba zai taɓa ɓata ba. Ɗan ajinsa kuwa bai shiga kansa ba, takarda kaɗai ya ke da ita. Shi ne baƙo na fari da aikin ya gamu da shi. Abin da ya ruɗa shi yau zai ruɗa dubbai gobe. Domin wannan mu ke cewa mai dubawa wakili ne na mutum na uku. In ya yi shiru don kada abokinsa ya ji zafi, ya sayi daɗin zama da haƙƙin wani wanda bai san an yi cinikin ba.

ABIN DA MASU ƘI SU KE CEWA

Ko da shi ke haka ne, akwai masu ƙin al'adan nan, maganarsu kuwa ba ta banza ba ce. Ya kamata mu ji su.

Na fari ya ce, “Wane ne shi da zai gyara mini aiki? Rana ɗaya muka shigo makaranta. Abin da ban sani ba shi ma bai sani ba. A bar malam ya yi aikinsa.” Akwai gaskiya a ciki. Amma mai wannan magana ya haɗa alƙali da mai shaida. Malam alƙali ne, shi ya ke ba da maki. Ɗan aji kuwa mai shaida ne. Ba a bukatar mai shaida ya san shari'a, abin da a ke so gare shi ya faɗi abin da idonsa ya gani. In ɗan'uwanka ya ce, “Na nemi ƙofar shiga a zanen nan, ban same ta ba sai da na duba sau uku,” ba wanda zai ce masa ƙarya ya ke yi. Wannan shaida ce, ko daga bakin wanda ya shigo jiya ta fito. Banda haka, mai dubawa shi ma koyo ya ke yi. Wanda ya saba gano inda aikin wani ya karkace, a hankali idonsa zai buɗe ga nasa.

Na biyu ya ce, “Ai kishiyoyi ne. Maki ɗaya mu ke nema, aiki ɗaya za mu nema in mun fita. Ƙaƙa zan amince da shawarar wanda faɗuwata ribarsa ce?” Wannan ma ba mu musa ba. Kishi yana nan, ya kan kuwa fito ta hanya biyu. Wani ya ga aibin ya ɓoye, yana jira malam ya kama shi. Wani ya ga aibin tun mako biyu da suka wuce, ya adana shi har ranar taro, sa'an nan ya fito da shi da babbar murya domin a ce yana da ido. Amma wannan laifin zuciya ne, ba laifin al'adar ba. Kowa yana iya auna kansa da tambaya biyu. Da malam ba ya nan, da zan faɗi wannan? Na faɗa tun lokacin da gyara zai yiwu, ko kuwa sai da ya wuce? Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Na uku shi ne ya fi nauyi. Ya ce, “Mun ga waɗanda suka ya karya. Sun shigo da ƙwazo, aka yi musu kaca-kaca a gaban aji, daga ran nan hannunsu ya mutu.” Wannan gaskiya ne, masana ma sun tabbatar. A shekara ta 1996 waɗansu masu bincike biyu, Avraham Kluger da Angelo DeNisi, suka tattara sakamako 607 na gwaje-gwajen da aka yi a kan gaya wa mutane yadda aikinsu ya ke. Suka tarar a jimlace abin yana da amfani, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku aikin mutanen ƙara lalacewa ya yi. Bayanin da suka bayar shi ne abin lura. In magana ta jawo hankalin mutum ga aikin, sai aikin ya gyaru. In ta jawo hankalinsa ga kansa, yana tunani ko shi gwani ne ko daƙiƙi, sai amfaninta ya ragu. Ashe maganin ba shiru ba ne. Maganin shi ne a san inda a ke auna magana.

BAFADE DA MAI CIN FUSKA

Mutum biyu ne su ke ɓata zaman duba aiki. Ɗaya bafade ne. Kome aka manna a bango sai ya ce, “Kai, madalla, ya yi kyau ƙwarai.” Kowa yana sonsa, amma ba wanda ya taɓa ƙaruwa da shi. Ɗayan mai cin fuska ne. Ya kan ce, “Ni dai gaskiya na ke faɗa, ko da ɗaci,” amma in ka lura za ka ga ɗacin ya ke jin daɗi, ba gaskiyar ba.

A ido su biyun nan sun yi nesa da juna, amma uwarsu ɗaya. Kowannensu kansa ya ke yi wa aiki. Bafade yana tsare kansa daga ɓacin ran aboki, mai cin fuska yana neman suna. Ba wanda ya damu da aikin a cikinsu, balle mutum na uku. In za mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin shirun da mu ke kira kara tsoro ne. Ba fuskar ɗan'uwanmu mu ke tsarewa ba, kwanciyar hankalinmu mu ke tsarewa.

Kara ta gaske ba ta hana faɗin gaskiya. Aikinta shi ne ta zaɓa wa gaskiya lokaci, da wuri, da kalmomi. Ita ce ta ke sa ka je wurin abokinka tun ana saura mako guda, ku biyu kaɗai, ka nuna masa ƙofar asibitin nan, maimakon ka jira taro. Ita ce ta ke sa ka ce “ƙofar ta yi ƙanƙanta,” ba “ba ka da lura” ba. Da haka kara da gaskiya ba su yi karo ba ke nan. Gaskiya ita ce kayan, kara kuwa gammo ne da a ke sa wa mutum domin ya iya ɗauka.

YADDA ZA A FAƊA

Wata Ba'amurkiya mai tsara raye-raye, Liz Lerman, ta ga yadda suka ta ke ɓata tsakanin masu fasaha, sai a wajen 1990 ta shirya wata hanya mai mataki huɗu, wadda makarantu da yawa suka ara. Da fari masu kallo su faɗi abin da ya kama hankalinsu a aikin. Na biyu, mai aikin shi ne zai yi musu tambaya a kan abin da ya dame shi. Na uku, su kuma su yi masa tambaya, amma tambaya wadda ba a ɓoye hukunci a cikinta ba. Na huɗu, mai ra'ayi ya nemi izini tukuna, ya ce yana da ra'ayi a kan abu kaza, ko mai aikin yana so ya ji? In ya ce a'a, sai a bari.

Mataki na uku shi ne ya fi wuya. Wanda ya ce, “Don me ka sa wannan mummunan launi?” ba tambaya ya yi ba, zagi ya yi ya ɗaura masa rawani. Amma wanda ya ce, “Me ka duba ka zaɓi launukan nan?” ya buɗe ƙofa. Watakila amsar ta nuna masa dalilin da bai sani ba. Watakila kuwa mai aikin yana cikin amsawa ya ji da kunnensa cewa ba shi da dalili, ya gano kuskuren da kansa, wanda ya fi a gano masa.

Ga abin da za mu ƙara. Kafin ka buɗe baki, ka san abin da ɗan'uwanka ya ke nufin yi, ka auna aikin da nufinsa, ba da abin da kai za ka yi ba da naka ne. Ka nuna wuri da yatsa. “Bai yi ba” ba ta taimakon kowa, amma “rubutun nan na ƙasa ba na iya karanta shi daga taki biyar” ta ba shi abin yi gobe da safe. In ka ga aibi goma, ka faɗi biyu waɗanda suka fi girma, gama wanda aka jibga wa goma ba zai riƙe ko ɗaya ba. Abin da ya yi daidai kuma ka faɗe shi dalla-dalla, ba don lallashi ba, amma don kada ya rushe shi garin gyara sauran.

YADDA ZA A JI

Faɗa da wuya, amma ji ya fi wuya. Mutum ya zuba kwanakinsa a cikin aiki, har ya zama in an taɓa aikin sai ya ji jikinsa aka taɓa. Nan da nan bakinsa ya cika da bayani: “Ai abin da na ke nufi shi ne kaza.” Amma ka tuna, ɗan'uwa, ba za ka tsaya kusa da allonka a tashar mota kana yi wa matafiya bayani ba. Aikin zai fita shi kaɗai. Abin da ya kasa faɗa da kansa, bayaninka ba zai cece shi ba. Saboda haka ka yi shiru tukuna, ka rubuta abin da aka ce, ka tambayi abin da ba ka gane ba, ka yi godiya, ka kwana a kai. Maganar da ta yi zafi da yamma sau da yawa da safe ta kan zama mai amfani.

Akwai labarin da ya kamata kowane mai zayyana ya sani. A birnin Niyu Yok aka gama wani dogon bene mai hawa 59 a shekara ta 1977, a lokacin a na kiransa Citicorp Center. A kusurwar filin akwai majami'ar Lutheran, an kuwa yi alkawari za a gina sabuwarta a wurin. Saboda haka injiniyan ginin, William LeMessurier, ya ɗora benen a kan manyan ginshiƙai huɗu a tsakiyar kowane gefe, ba a kusurwoyi ba. Aka yaba masa ƙwarai. A 1978 wata ɗaliba ta Jami'ar Princeton, Diane Hartley, tana nazarin ginin, lissafinta a kan iskar da ke bugun kusurwa ya ƙi daidaita da nasu, ta tuntuɓi ofishinsa. Shi ma LeMessurier da bakinsa ya ce tambayar ɗalibi ce ta sa ya sake ɗauko lissafin. A wajen gini an ɗaure mahaɗan ƙarafa da kusoshi maimakon walda, bisa ga lissafinsa kuwa babbar guguwa tana iya kā da benen.

Ga mutum mai suna, ga tambaya daga ƙasa da shi nesa. Da ya so, da ya yi banza da ita. Amma ya je ya gaya wa masu ginin, ko da shi ke ya san sunansa da dukiyarsa suna iya tafiya. Aka yi watanni a na aiki da dare, a na liƙa faranta na ƙarfe da walda a kan mahaɗai wajen 200. Jama'a ba su ji cikakken labarin ba sai a 1995. Yau a makarantun injiniya a na koyar da labarinsa, ba domin bai yi kuskure ba, amma domin ya dubi tambayar bai dubi ƙanƙantar mai yinta ba. In babban injiniya ya iya sauraron ɗalibi, ina dalilin ɗalibi na ƙin sauraron ɗan'uwansa?

Kada kuma mu ɗauka gyara yana ƙwace wa mutum aikinsa. Tutar Nijeriya ɗalibi ne ya zana ta, Taiwo Akinkunmi, sa'ad da ya ke karatu a Landan. A zanen da ya aika akwai jar rana a tsakiyar farin. Masu zaɓe suka ɗauki zanensa a 1959, suka cire ranar, aka ba shi ladan fam 100, aka ɗaga tutar ran 1 ga Oktoba 1960. Har ya rasu a 2023 ba wanda ya ce tutar ba tasa ba ce.

KAYA NA MAI KAYA NE

Amma fa ji dabam, bi dabam. Ba kowace suka ce daidai ba. A 1931 wani mai zanen injiniya a Landan, Harry Beck, ya zana sabuwar taswirar jiragen ƙarƙashin ƙasa. Ya watsar da nisan gaske tsakanin tashoshi, ya miƙe layukan, a tsaye, a kwance, da a karkace, gama ya lura matafiyi a cikin rami ba nisa ya ke tambaya ba, inda zai sauka ya sake jirgi ya ke so ya sani. Da fari manyansa suka ƙi, suna gani abin ya yi baƙunta da yawa. Ya dāge, aka buga ta a 1933, jama'a suka karɓa hannu biyu, har birane da yawa na duniya suka kwaikwaya. Da ya bi maganar farko, da an yi hasara.

To, ƙaƙa za a rarrabe? Mu dai ga abin da mu ke gani. Majinyaci ya san inda ya ke masa ciwo, amma ba shi ya ke rubuta magani ba. Hakanan mai duba aikinka. In ya ce wuri kaza ya ruɗa shi, ka gaskata shi, musamman in mutum biyu ko uku suka nuna wuri ɗaya ba su haɗa baki ba. In ya ce ka yi kaza ka gyara, wannan shawara ce, ka auna ta da nufin aikin da bukatar wanda zai yi amfani da shi. Kamfanin Pixar na Amurka, masu yin silima ta zane da kwamfuta, suna da wani taro inda gwanayensu su ke duba fim tun bai ƙare ba, su faɗi aibinsa ba ɓoye-ɓoye. Amma taron ba shi da ikon ba da umurni. Mai fim shi zai koma ya yanke abin da zai yi. Rashin ikon nan shi ya ke sa masu faɗa su saki jiki, mai ji kuma ya ji ba tare da ya ɗaura ɗamarar faɗa ba.

Wannan ita ce hikimar da kakanninmu suka ƙulla a karin maganar da muka sa a kan wannan shafi. Wanda ya ga kayanka sun karkace a kanka ya ce ka gyara, bai ce ka sauke ku raba ba. Karin maganar tana yi wa mutum biyu gargaɗi. Tana ce wa mai kaya kada ya zargi mai gaya masa. Tana kuma ce wa mai gaya masa ya san iyakarsa, gama kayan ba nasa ba ne. In ka ba ɗan'uwanka shawara ya ƙi, kada ka yi fushi, ka sauke nauyin da ke kanka. In ya bi aikin ya yi kyau, kada ka bi gari kana cewa kai ka yi masa. Shi kuma wanda aka taimaka, ya kamata ya ambaci wanda ya taimake shi, wannan ba ya rage masa kome.

Mun ce a ɗakunan Paris tsoho ya kan duba aikin sabo, sabo ya taya tsoho, shekara ta kewayo sabon ya zama tsoho ya biya bashin a kan wani. Haka abin ya kamata ya zama a kowane aji, da kowane shagon ɗinki, da rumfar kafinta, da duk inda mutane su ke koyon sana'a tare. Idon da ka ara wa ɗan'uwanka yau, gobe kai za ka nemi aronsa. Saboda haka, ku ɗalibai, kada ku jira ranar taro. Ku nuna wa juna aiki tun yana ɗanye, ku roƙi a gaya muku inda ya karkace, in an gaya muku ku yi godiya. Ku iyaye da malamai kuma, in yaro ya dawo ransa a ɓace domin an gyara masa aiki, kada ku taya shi fushi. Ku tambaye shi abin da aka ce, ku duba tare ko gaskiya ne, ku tuna masa da mutumin nan da zai shiga ta ƙofar da ya zana.